Aiki na Uku a Larabar Gyara

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa yau da safe, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki ba hutu ba ƙarin girma, tabarauna ya rasa ƙafarsa ta hagu. Daga kan rediyo ya faɗo. Ba a zargin kowa, ko da yake matata Zulaiha ce ta share wurin. An ɗaure shi da baƙin zare, kuma likitan da ya duba shi, wato ni, ya ce zai rayu.

Ɗanmu Amir ne ya aiko mini da littafin nan daga Sakkwato, wai tun da an rage mini aji zuwa kwana uku a mako, in riƙa rubuta tunanina. Yaro yana zaton ubansa yana samun tunani kullum. Shekara ashirin da takwas ina koyar da zane a sakandare, kafin nan ina rubuta allunan shaguna da burushi. Abin da ya rage mini a ka bai cika shafi ba.

Ga dai abin da ya faru jiya, don tarihi. Miyar agushi na roƙa. Aka kawo mini ogbono mai yauƙi, irin wanda loma ke zuwa baki da igiya a bayanta. Na ce, "Maman Amir, agushin ya yi tafiya ne ya bar wakili?" Ta ce ita ta canza ra'ayi a kasuwa. Zulaiha ba ta canza ra'ayi. A rumfar Ifeoma take sayen kayan miya tun tana amarya, kuma abin da ta fita nema shi take dawowa da shi. Na ci dai.

Da la'asar zan kai majinyacin, wato tabarau, shagon Anselm, mijin Ifeoma, ya yi masa sannu. Shekara ashirin da shida ke nan ina zama a bencinsa, tun ina sayen fenti a wurinsa. Yanzu ba na sayen komai, jaridarsa kawai nake karanta masa in gaya masa inda ya yi kuskuren fahimta.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Larabar Gyara. A zaurenmu na WhatsApp, wanda Kamalu mai shagon ɗab'i yake kula da shi, akwai masu zane wajen saba'in, daga nan Zuru, da Dabai, da Manga, har Dirin Daji. Duk mai son a duba masa aiki yana tura wa Kamalu a ɓoye, shi kuma ya ɗora ranar Laraba ba suna. Ni na kawo dokar ɓoye sunan, kuma ina alfahari da ita. A garin nan ba ka isa ka ce aikin yaro bai yi ba, sai ka tarar kakarsa ce ta yi wa matarka wankan jego. In babu suna, sai gaskiya ta samu wurin zama.

Yau aiki huɗu. Katin biki ɗaya, tambarin gidan burodi ɗaya, fostar makaranta ɗaya. Sai wanda Kamalu ya jera a na uku. Sitiku ne na manna wa murfin roba, na kayan miya: agushi, ogbono, kanwa, gishiri. Ƙasa ruwan ɗorawa mai ihu, harufa baƙaƙe ƙirin masu kauri, kowanne da wata alama a gefe, da'ira ko tauraro ko mai kusurwa huɗu. Ba ado, ba hoton ganye, ba komai.

Na kwafe abin da na rubuta, don na ga ya yi daɗi:

"Aiki na uku. Ina godiya ga mai shi, ya hutar da ni sayen tocila, don ina buɗe hoton ɗakina ya haskaka. Ruwan ɗorawa kala ne mai mutunci in an bar shi ya yi magana a hankali. Harufan kuwa kowanne da ƙafar giwa. Da'ira da tauraro kuma sun tuna mini da bangon ajin 'yan nazare. Shawarata a adana shi da kyau, ranar da makafi suka buɗe kasuwarsu sai a kai musu."

Fuskokin dariya talatin da ɗaya kafin la'asar. Wani yaro daga Manga ya ce zai buga sharhin ya rataya a shagonsa.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Arba'in da huɗu. Shagon Anselm a rufe, bai gaya mini zai yi tafiya ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Kamalu ya tare ni ina neman takalmina. Ɗalibina ne a da, yanzu ga gemu ga 'ya'ya uku, amma har yau hannu biyu yake ba ni.

"Malam, da ka ɗan rage barkono a na ukun nan."

"Ƙarya na yi?"

"A'a, Malam."

"To mi ya rage?"

"Mutum ɗaya ya fita daga zaure."

Na tambaye shi wa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, ai kai ka kafa dokar."

Ranar da na kai wa Malam Ezekiel zanena na farko a kwalejin horon malamai, tsakiya ya yage shi ya miƙo mini rabi biyu, ya ce in zaɓi wanda ya fi muni in ajiye don tunawa. Ban fita daga ko'ina ba. Yaran yanzu so suke a shafa musu kai kafin a gaya musu layinsu ya karkace.

Abin da na faɗa gaskiya ne.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Zulaiha tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, wanga zane da kuke ta yi wa dariya, ka tambayi don wa aka yi shi?"

Na ce tun yaushe ta shiga zauren masu zane. Ta ce a Zuru zance ba ya buƙatar data.

Na yi mata bayani, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku, cewa kyau kyau ne, muni muni ne, ko don sarki aka yi ko don mai gadi. Na kawo mata misali da littattafai biyu. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba yi ba. Sannan ta ce, "To," ta kwashi farantinta ta shiga ciki.

Na san "to" ɗin Zulaiha kala shida. Wannan ban taɓa jin irinsa ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Shagon a buɗe. An jera gwangwanayen fenti a kan benci, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Kaya suka zo, Malam Rashidi," in ji Anselm. "Ba wuri."

Shekara ashirin da shida kaya suna zuwa, ba su taɓa sanin hanyar bencin nan ba. Na tsaya a tsaye kamar mai sayayya. Na sake nuna masa tabarau da zarensa, ya ce Allah ya sawwaƙe, bai yi dariya ba. Jaridar tana naɗe a ƙarƙashin hammatarsa, can ta zauna.

Ina nan tsaye ɗiyarsa Onyinyechi ta kawo masa abinci. Ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba Malam," tana kallon maɓallin rigata. Yarinyar da tun tana shekara bakwai nake riƙe mata hannu a kan burushi a wannan bencin, wadda ta yi shekara shida a ajina, wadda in ta hango ni daga nesa sai ta taho da waya a hannu ta ce in ga abin da ta zana. Yau ba waya. Na tambayi Mamanta, ta ce tana gida tana hutawa.

Ifeoma ba ta hutawa. Ranar da ta haifi yarinyar nan ma daga rumfa aka ɗauke ta.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Aiki ɗaya kacal aka turo yau, katin suna. Ba wanda ya ce komai, duk suna jirana. Na rubuta cewa tazarar layukan ta yi. Ba wanda ya yi dariya, ba abin dariya.

Zulaiha ta dawo daga kasuwa da agushin wani wuri. Ta ce kwana shida ke nan rumfar Ifeoma a rufe. Ga bango ta gaya wa, ni dai ina kusa.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Fenti yana nan a kan benci. Na wuce ta ɗaya gefen titi.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je shagon Kamalu karɓar takardun jarrabawar aji biyu. Yana ciki yana faɗa da firinta, ni kuma ina jira, sai na ga ruwan ɗorawa yana leƙowa daga kwandon shara. Ba a ɓoye wannan kalar ko a rijiya. Na ciro. Bugun gwaji ne, AGUSHI da da'irarsa.

Na juya bayan takardar. An rubuta da fensir: "Yaya Kamalu, a bar baƙin da kaurinsa, kar a rage." A ƙasa kuma ɗan ƙaramin kifi mai murmushi.

Ni na ce mata ta zaɓi alama, tun ba ta iya rubuta sunanta duka ba, don ya yi mata tsawo. Ta zaɓi kifi. Har takardar jarrabawarta ta ƙarshe da kifin nan ta ba ni.

Kamalu ya fito ya gan ni da takarda a hannu.

"Ban faɗa maka komai ba, Malam."

"Ba ka faɗa ba. An buga sauran?"

"An fasa. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan sharhinka ta kira ta ce a bari."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Bai hana ni ba.

Asabar, bayan azahar

To, Onyinyechi ce. Sai me? Dokar ɓoye suna don irin wannan aka yi ta. Da na san ita ce da na lanƙwasa harshe, da ta buga abin nan ta manna a rumfar uwarta, kasuwa ta yi mata dariyar da zaure ya yi mata. Na yi mata gata ne.

Abin da ban gane ba, yarinyar ta fi haka. Ta san kala. Katin bikin da ta yi bara har yau yana cikin littafina, ina nuna wa 'yan aji. Mi ya kai ta ƙafar giwa?

Abin da na faɗa dai gaskiya ne.

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

An yi ruwan farko mai ƙarfi jiya da yamma. Kowa ya tafi gona. Abin da na faɗa gaskiya ne, na sake duba takardar.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Rubutun yau manya ne, kuma ban san ko a kan layi suke ba. Zaren ya tsinke ina alwala, tabarau ya faɗi a kan siminti, gilashin dama ya rabu uku. Na ba Ɗanjuma direba ya kai Kwantagora, ya ce sai mako mai zuwa.

Zulaiha hannunta cikin ƙullu, ta ce in haɗa shayina da kaina. Gwangwanaye biyu ne a kan kanta, iri ɗaya, duka fararen abu a ciki. Na zaɓi ɗaya da ƙarfin zuciya na zuba cokali biyu. Kurɓa ɗaya na yi na fita tsakar gida na tofar.

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wanke hannu, ta zubar, ta haɗa mini wani. Da ta ajiye kofin sai ta ce, "Kai safiya ɗaya ke nan, Malam. Wasu tun kafin azumi suke haka, ba su gaya wa kowa ba."

Na ce su wa.

Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Na yi alkawari."

Talata, bayan azahar

Na buɗe zaure don in rage zaman banza. Rubutu duk ya zama tururuwa a cikin ruwa. Na shiga wurin hotuna ina ja da yatsa. Katunan biki, fostoci, tambura, aikin wata shida, waɗanda na yaba da waɗanda na kushe, duk sun zama dambu ɗaya. Wanda na ce ya fi kowanne kyau a bana, mai siraran harufa ruwan zinariya, ko suna ɗaya ban iya cirewa daga cikinsa ba.

Sai ga ruwan ɗorawa.

AGUSHI. Na miƙe hannu iya tsawonsa, yana nan, AGUSHI. OGBONO. KANWA. GISHIRI. Na jingina wayar a taga na ja baya har bakin ƙofa. Harufan sun narke, amma da'ira tana nan da'ira, tauraro yana nan tauraro.

Na tuna miyar ranar Lahadin nan, da yadda Zulaiha ta ce ita ta canza ra'ayi.

Sharhina yana ƙarƙashin hoton. Ban iya karanta shi ba. Layin ƙarshe ba sai na karanta ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Larabar Gyara. Ban buɗe ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gidan, ba shagon ba. Ifeoma tana zaune a baranda da tire a cinya, tana ɓare agushi. Yatsunta suna gudu kamar kullum. Ban kai ga yin sallama ba ta ce, "Malam Rashidi, har yanzu takalmin nan ne? Tun daga ƙofa yake gaishe ni."

Ta yi mini murmushi. Murmushin ya sauka kamar taku ɗaya daga inda nake tsaye. Na matsa a hankali na tsaya inda ya sauka.

Mun gaisa. Ta tambayi Amir, ta tambayi ruwan sama, ta ce in gaya wa Zulaiha manjan da take jira ya iso. Na ce kasuwa tana cigiyarta. Ta ce ƙafa ce ke damunta. Na ce Allah ya ba ƙafa lafiya. Anselm yana zaune a gefe.

Da na tashi ya rako ni, don ko yana fushi ba zai bar baƙo ya fita shi kaɗai ba. Mun wuce gida uku kafin ya yi magana.

"Wata biyu yarinyar nan tana gwadawa. Kala bakwai ta gwada. Wannan kaɗai uwarta take rabewa."

Ya ci gaba:

"Ƙullin leda ne matsalar. In a buɗe ne hanci yana gaya mata. In an ƙulle, duk ɗaya suke. Sau uku tana ba mutane abin da ba su tambaya ba. Wata mata ta dawo ta yi mata ihu a gaban jama'a."

Na ce mi ya sa Onyinye ba ta rubuta dalili ba da ta tura.

"Ta rubuta wa mutum saba'in abin da uwarta ta ce kar kowa ya ji? Ta tura ne don kai. Ta ce kafin a buga bari Baba Malam ya gani, in akwai gyara zai faɗa."

"Ita ta karanta wa uwar?"

"Uwar ta matsa mata. Mi Malam ya ce, mi Malam ya ce. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, kai ka koyar da ita." Ya tsaya a bakin kwalbati. "Ifeoma ta ce in Malam Rashidi ya gane da kallo ɗaya, kasuwa duka za ta gane. Ta ce ba za ta zauna a tsakiyar abin da ke nuna ta ba. Ba sitika, kuma ba za ta koma ta sake ba wani kanwa a madadin gishiri ba. Shi ke nan ta zauna gida."

Na ce ban gane komai ba, Anselm. Wallahi ban gane ba.

Ya ce, "Na sani. Ita ce ba ta sani ba. Tana ganin ka fi haka wayo."

Goma ga wata mai zuwa za su koma wurin likitan ido. Ban tambayi mi likitan ya ce ba, shi ma bai faɗa ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

Na zauna in rubuta wa zaure. Da manyan harufa a bayan takardar jarrabawa, don waya ta fi ƙarfina.

Na farko ya fito shafi guda, da tarihin Malam Ezekiel a ciki. Na ga kaina nake wankewa. Na biyu ya yi daɗin karatu, har da wurin da za a yi dariya. Na yaga shi saboda haka. Na uku ya bayyana dalilin aikin, wato ya tona abin da mace ta rufe rumfarta don ta rufa.

Shekara talatin ina iya faɗin abin da ke damun aikin mutum cikin layi huɗu. Wannan ya gagare ni.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ashe Zulaiha ba zaune take ba. Ta je wurin Raudatu mai daddawa, maƙwabciyar rumfar Ifeoma, da wasu mata huɗu na layin, ta nuna musu takardar da ta ciro daga aljihuna ba da izinina ba. Duk sun ce suna so a robobinsu. In layi duka ya zama ruwan ɗorawa, ba wanda zai ce don mutum ɗaya aka yi.

Na ce to ai sai sun tambayi dalili.

Ta ce, "Raudatu? Tun watan azumi take zagayawa ta bayan rumfa tana mayar mata da robobi wurinsu in sun rikice. Duk layin sun sani, Malam. Ba su dai rubuta a waya ba."

Ta kuma aika a kira Onyinyechi. Yarinyar ta zo da jaka, ta gaishe ni kamar baƙo. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana take, ta jera murafu shida da bugun gwaji a kansu.

Na fara cewa, "Ɗiyata, game da abin da na rubuta..."

"Baba Malam, ba ra'ayinka na zo nema ba. Idonka nake so. Mama Zulaiha ta ce tabarau yana Kwantagora."

Ta tsayar da ni taku uku daga tabarma. Ta ce in nuna kanwa. Na nuna. Ta juya su, ta ce ogbono. Na nuna. Ta sake juyawa, ta ce gishiri. Na duba, na duba. Murfi biyu sun zama fari fat, rana tana rawa a kansu.

Bakina ya buɗe da wata magana mai daɗi game da madubin amarya. Na ji ta tana zuwa, na haɗiye ta. Na ce, "Rumfar Mamanki ina take fuskanta da hantsi?"

"Gabas."

"Kin gwada mata a rana?"

Ta girgiza kai. "A falo muke gwadawa. Ba ta yarda a fito da su waje."

"Ledar nan mai sheƙi da aka rufe su da ita, ita ke cin harufan. Kamalu yana da marar sheƙi?"

Ta durƙusa ta karkata murfin, ta rufe ido ɗaya, ta sake karkatawa. Ta ciro fensir ta rubuta a bayan takarda. Mun yi kusan awa. Mun gano mai kusurwa huɗu yana komawa da'ira daga nesa, ta mayar da shi sanda biyu a jere. Ita ta kawo wannan, ni nawa tsayawa ne da runtse ido.

Tana haɗa jaka na sake gwadawa. Ta ce, "Ni na saba, Baba Malam. Shekara shida ina ajinka. Mama ce ba ta saba ba."

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Na koma barandar. Tire yana cinyarta. Na zauna a dakali ba a ce in zauna ba.

Na ce, "Maman Onyinye, na zo in gaya miki abu ɗaya. Abin da na rubuta a kan aikin yarinyar nan, ba wani abu na gano ba. Ban san na waye ba, ban san don wa ba, ban kuma tambaya ba. Magana ce ta zo mini mai daɗi, na ga yara za su yi dariya, na rubuta. Iyakarta ke nan."

Yatsunta suka tsaya.

"Ba ka gane komai ba?"

"Ko kaɗan. Sai da na sha shayi da gishiri."

Ta yi dariya har tiren ya karkace, agushi ya zube mini a ƙafa. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Shekara ashirin da shida ina gaya wa Anselm abokinsa ya fi kowa ilimi a Zuru. Ashe banza nake yi."

Na ce banza take yi.

Na gaya mata matan layinsu sun ga sitikun sun ce suna so. Ban gaya mata sauran ba, ba nawa ba ne. Ta ce Raudatu ba ta ganin abu a wurin mutum ta bar masa. Na ce to za ta koma? Ta ce in tsince agushin da na zubar mata.

Na tsince. Da lalube.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma

Tabarau ya dawo da sabuwar ƙafa, kalarta daban da ɗayar. Ban yi sharhi ba.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

Zulaiha ta aike ni kasuwa, abin da ba ta yi ba tun Amir yana goye. Agushi, ta ce, kuma kar in saya a ko'ina sai inda na sani.

Tun daga bakin layi na hango. Rumfa shida, ruwan ɗorawa daga nan har can, ƙafar giwa a kan kowane murfi. Raudatu har a kan tulun ruwanta ta sa an manna. A rumfa ta uku Ifeoma tana zaune a kujerarta, tana faɗa da wani mai kawo manja.

Na ce, "Madam, agushi ƙulli biyu."

Ta duba robobin. Ba ta yi sauri ba. Hannunta ya wuce tauraro, ya wuce sanda biyu, ya sauka a kan da'ira. Ta buɗe ta miƙo mini.

"Duba da kyau, Malam, tun da an gyara maka ido."

Na ce agushi ne. Ta ce ta sani.

Raudatu tana can tana ta kaɗa ƙuda daga daddawarta, kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

Na biyo ta shagon Anselm. Gwangwani ɗaya ya rage a kan benci. Na ɗauke shi da kaina na ajiye a ƙasa na zauna. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya miƙo mini shafin tsakiya na jarida, ya riƙe sauran.

Daga kan bencin na rubuta wa zaure: "Aiki na uku na ranar bakwai ga wata ya yi abin da aka yi shi dominsa, na gwada da idona. Ban tambayi don wa aka yi shi ba kafin na buɗe baki. Mai shi ya yi haƙuri. Na yau kuma, katin nan mai shuɗi, wa zai karanta shi, kuma a ina?"

Ba fuskar dariya ko ɗaya. Mai katin ya amsa ta hannun Kamalu, ya ce don tsofaffin cocinsu ne a Dabai. Na ce to ya ƙara wa harufan kauri. Kamalu ya ce mutum ɗaya ya dawo zaure. Ban tambayi wa ba.

Laraba, bayan magariba

Miyar agushi ce. Ruwan ɗorawan nan har yanzu yana kashe mini ido. Amma ni ne na yi kuskure.